Gida Biyu a Kamfani Ɗaya: Batun Haɗe Tsarin Ciniki da Tsarin Kula da Layuka a Kamfanonin Sadarwa

Mai layi a Najeriya yakan danna *312#, ya zaɓi datar wata guda, kafin ya mayar da waya aljihu saƙo ya shigo cewa an zuba masa. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi na'urori da yawa sun yi magana da juna. Wata ta duba ko layin yana da rajista kuma ba a toshe shi ba. Wata ta leƙa jerin hajojin kamfani, ta ga nawa ne kuɗin wannan data, kwana nawa za ta yi, da gyara a kanta ko babu. Wata ta zare kuɗin daga asusunsa ta rubuta. Daga nan sai umarni ya tsallaka zuwa na'urorin da ke riƙe da layukan kansu, a ce musu wannan lamba ta sami izinin shiga intanet da gudu kaza har zuwa rana kaza. Idan komai ya tafi daidai, mai layi ba ya ma sanin an yi wannan zirga-zirga. Ranar da umarnin ya maƙale a hanya kuwa, zai sani, domin an cire kuɗinsa kuma datar ba ta shiga ba.

Wurin da umarnin ke maƙalewa shi ne abin da wannan sharhi zai duba. Kusan kowane kamfanin sadarwa a duniya yana tafiyar da rukunin manhajoji biyu. Rukuni na farko na ciniki ne, masu sana'ar suna taƙaita sunansa da BSS. A nan ake ajiye sunan mai layi da adireshinsa, hajojin da ake sayarwa da farashinsu, lissafin kuɗi, bashi, dillalan kati, da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar. Rukuni na biyu na kula da layuka ne, ana kiransa OSS. A nan ake ajiye ƙididdigar kayan aiki, wato turakun sabis da igiyoyin fayiba da na'urorin musayar kira, a nan ƙararrawa ke kaɗawa idan wani abu ya lalace, kuma daga nan ake saita na'urori da auna nauyin da ke kansu. Kamar ɗan kasuwa ne mai shago a Kantin Kwari da sito a wata unguwa, yaron shago yana da littafinsa na ciniki, mai kula da sito yana da littafinsa na kaya, kuma littattafan biyu ba sa haɗuwa sai ƙarshen wata. Yaron shago zai iya karɓar kuɗin dilar atamfar da ta ƙare tun jiya, mai sito kuma zai iya zama da kayan da shago bai san suna nan ba.

Rabuwar ba ta sakaci ba ce, tana da tarihi. A shekarun 1970 kamfanin AT&T na Amurka ya fara mayar da aikin takardunsa cikin kwamfuta. Ɗakunan bincikensa na Bell suka ƙera manhajoji irin su TIRKS, mai riƙe da ƙididdigar manyan layukan da ke haɗa cibiyoyi, da LMOS, mai bin diddigin gyaran layukan da ke shiga gidaje. Injiniyoyi ne suka ƙera su don injiniyoyi. Can a wani ofis kuma akawoci suna da tasu kwamfutar da ke buga takardar biyan kuɗi sau ɗaya a wata. Abin da ke haɗa ofisoshin biyu ɗan kaɗan ne: kowane kira yana barin rubutaccen bayani na wanda ya kira, wanda aka kira da tsawon lokaci, ana tara waɗannan bayanai a faifai, a kai wa masu lissafi daga baya. Haja ɗaya ce ake sayarwa, wato kiran murya, kuma mai layi yana biya ne bayan ya yi amfani. A irin wannan yanayi babu abin da ke matsa wa gidajen biyu su yi magana kullum. Bayan da aka wargaza AT&T a 1984, yawancin waɗannan manhajoji suka koma hannun kamfanin Bellcore, wanda ya zama Telcordia a 1999, kamfanin Ericsson kuma ya saye shi a 2012. Wannan jerin sunaye kaɗai ya isa ya nuna yadda manhajar kula da layuka ke daɗewa, tana ganin masu gida suna zuwa suna wucewa.

Abin da ya rushe katangar, ko kuma ya nuna cewa katangar cikas ce, shi ne biya kafin amfani. Kuma a wannan fage Afirka ba 'yar kallo ba ce. Lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, layukan tarho masu aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan wannan shekarar, kuma tun daga farko mafi yawan masu layi da kati suke saka kuɗi. Layin kati yana nufin dole ne a san abin da ke asusun mutum kafin a haɗa masa kira, a riƙa ragewa yana cikin magana, a yanke shi a daidai lokacin da kuɗin ya ƙare. To wannan aikin na wane ne? Lissafin kuɗi ne, saboda haka na 'yan ciniki ne. Amma yana faruwa ne a tsakiyar kira, cikin ƙiftawar ido, kuma idan na'urar ta tsaya kira ba zai shiga ba ko kaɗan, saboda haka na injiniyoyi ne. Na'urar caji ta kai tsaye ita ce ta farko da ta zauna a kan iyakar gidajen biyu, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can.

Da Globacom ya shigo a Agustan 2003 da cajin daƙiƙa, a lokacin da sauran ke cajin minti cikakke ko da mutum ya yi magana ta daƙiƙa goma, jama'a sun ɗauke shi a matsayin gasar farashi. Gasar farashi ce, amma a ƙarƙashinta akwai tambayar fasaha: cikin wane lokaci kamfani zai iya sauya yadda yake caji? Sauran kamfanonin sun bi sahu ba da daɗewa ba. Tun daga nan wannan tambaya ba ta bar masana'antar ba. Idan sashen talla ya ƙirƙiro sabon tsarin data yau, makonni nawa zai ɗauka kafin a shigar da shi cikin manhajar farashi, da ta caji, da ta ƙayyade gudu, da menu na waya, da allon ma'aikacin da ke amsa kira? A kamfanin da kowace manhaja ke da nata jerin hajoji, sai an shigar da tsarin sau biyar ko shida da hannu, kuma kowace shigarwa ƙofa ce ta kuskure.

Da yawa daga cikin abin da mai layi ke kira zalunci daga wannan tsaga yake fitowa. Ba ina wanke kamfanoni ba ne, akwai cajin da ake yi da gangan a kan abin da mutum bai nema ba, kuma hukuma ta sha jan kunne a kai. Amma akwai wani kaso mai yawa da tushensa shi ne littafi biyu da suka saɓa. Manhajar ciniki ta rubuta cewa mutum ya soke waƙar da ake sa wa masu kiransa, na'urar da ke kunna waƙar ba ta sami labari ba, ko ta samu amma wadda ke cire kuɗi duk mako ba ta samu ba. Hasarar kuma tana tafiya ta ɓangare biyu. Akwai layin fayiba da aka ja wa wani ofis, yana aiki shekara da shekaru, ba a taɓa aika takardar kuɗinsa ba saboda umarnin da ya kunna shi bai koma wa masu lissafi ba. Akwai kuma tashoshin na'ura da littafi ya ce an ba wa wani, alhali mai su ya daɗe da barin kamfanin, sai a je a sayo sababbin kayan da ba a buƙata. Yawan wannan yoyo ne ya sa manyan kamfanoni ke da sashe guda wanda aikinsa kawai shi ne gwada littafin nan da littafin can don gano inda kuɗi ke zuba.

Dokokin gwamnati sun ƙara fito da nauyin al'amarin. Rajistar layi bayani ne na ɓangaren ciniki, suna da hoto da zanen yatsa. Toshe layi kuwa aiki ne na ɓangaren injiniyoyi. Idan hukuma ta ce a rufe duk layin da rajistarsa ba ta cika ba, ana buƙatar hanya madaidaiciya daga wancan bayani zuwa wannan aiki. A Oktoban 2015 Hukumar Sadarwa ta ci tarar MTN naira 200,000 a kan kowane ɗaya daga layuka miliyan 5.1 da ba a rufe ba a kan lokaci, jimilla sama da naira tiriliyan ɗaya, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. Ko mene ne dalilin jinkirin, darasin da duk masana'antar ta ɗauka shi ne cewa tazara tsakanin abin da littafin rajista ya ce da abin da layi ke yi tana da farashi, kuma farashin na iya girgiza kamfani. Haka batun ya sake dawowa da umarnin haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa a Disamban 2020, inda aka wayi gari wasu da suka haɗa tasu lambar suna kukan an toshe su. Sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, wanda aka fara a Afrilun 2013, shi ma yana buƙatar littattafan kamfani biyu da na cibiyar da ke tsakaninsu su yarda a kan mai lambar da kuma inda za a kai kiransa.

Ɓangaren gyara shi ne ya fi damuna, domin a nan ne rabuwar ke taɓa mutane da yawa a lokaci ɗaya. A ce masu aikin hanya sun tsinke igiyar fayiba. A cibiyar sa ido ƙararrawa ɗaruruwa za su tashi, kowane turken da ke rataye da wannan igiya yana kukan kansa. Aikin farko na manhajar kula da layuka shi ne ta tace wannan hayaniya ta gano cewa ciwon guda ne. Wannan tana iya yi idan taswirarta daidai take. Abin da ba za ta iya faɗa ba, matuƙar ba ta ganin littafin ciniki, shi ne su wane ne abin ya shafa. Ba ta san cewa a bayan turke na bakwai akwai asibiti, ko reshen banki, ko kasuwar da masu POS ɗari ke dogara da ita ba. Injiniya zai tura mota inda ya fi kusa ko inda ƙararrawa ta fi ƙarfi. A ɗaya gefen kuma ma'aikaciyar da ke amsa kira tana kallon allon da ke nuna mata asusun mai ƙorafi lafiya lau, sai ta ce masa ya kashe wayarsa ya kunna, domin ba ta da tagar da za ta ga cewa unguwarsa gaba ɗaya babu sabis. Kamfani ɗaya ne, wani ɗaki ya san abin da ya lalace, wani ɗaki ya san wanda ke shan wahala, kuma babu wanda ya san duka biyun.

Masana'antar ta daɗe tana neman magani. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fara fitar da tsarin TMN tun ƙarshen shekarun 1980, wanda ya jera aikin kula da sadarwa hawa-hawa, daga na'ura guda, zuwa layuka gaba ɗaya, zuwa hidimar da ake bayarwa, zuwa ciniki a can sama. A 1988 kamfanoni takwas, ciki har da AT&T da British Telecom, suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira TM Forum. Ita ce ta zana taswirar ayyukan kamfanin sadarwa mai suna eTOM, wadda ITU ta amince da ita a 2004. Hikimar taswirar ita ce ta daina kallon kamfani ta sassa, ta koma kallonsa ta tafiyar aiki daga farko zuwa ƙarshe: cika abin da mai saye ya nema, tabbatar da cewa yana aiki, da karɓar kuɗinsa. Kowace daga cikin waɗannan tafiyoyi tana ratsa gidajen biyu, ba ta tsayawa a bakin ƙofa.

A ganina, abin da ya fi taswirar muhimmanci shi ne ƙamus ɗin bayanai da ƙungiyar ta fitar, mai suna SID. Ya raba abubuwa huɗu da aka saba cuɗa su: mai saye, hajar da ya saya, hidimar da ke cika wannan haja, da kayan aikin da hidimar ke hawa a kai. Mutum ya sayi intanet na gida, wannan haja ce. Hajar tana buƙatar hidimar shiga intanet mai gudu kaza da adireshi. Hidimar tana hawa kan wata tashar na'ura, a wani akwati, a ƙarshen wata igiya. Idan wannan sarƙa a rubuce take wuri ɗaya kuma gaskiya ce, ana iya binta daga sama zuwa ƙasa don kunna wa mutum abin da ya saya ba tare da hannun kowa ba, ana kuma iya binta daga ƙasa zuwa sama a gano a cikin minti ɗaya duk wanda tsinkewar igiya ta shafa. Wannan sarƙa ita ce ainihin abin da ake nufi da haɗewa. Sauran duk hanyoyi ne na kai wa gare ta: jerin hajoji guda ɗaya da kowace manhaja ke karantawa, ƙididdigar kaya guda da ake gwada ta da abin da ke fili a kai a kai, da ƙofofin magana na bai ɗaya tsakanin manhajoji, waɗanda TM Forum ta tattara su daga baya a ƙarƙashin tsarin da ta kira ODA.

Na nanata wannan ne domin masu sayar da manhaja suna da tasu fassarar. A wurinsu haɗewa ita ce a kwashe tsofaffin manhajoji duka a zuba nasu babban ƙunshi guda. Wani lokaci hakan yana da ma'ana, amma hanya ce mai hatsari. A Oktoban 2016 hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta ci tarar Vodafone kimanin fam miliyan 4.6. Daga cikin laifukan akwai masu layin kati 10,452 da suka biya kuɗi ba a zuba musu ba, jimilla fam 150,000 a cikin watanni 17. Kamfanin ya danganta matsalar da ƙaurar da ya yi da asusun mutane sama da miliyan 28 daga tsofaffin manhajojin lissafi bakwai zuwa sabuwa guda. Wato aikin da aka yi don toshe tsaga shi ne ya buɗe sabuwa. Manhaja sabuwa ba ta gyara bayanin da ya lalace, tana dai ɗaukarsa da sauri ta watsa shi ko'ina. Kamfanin da bai fara tsabtace littattafansa ba, bai tura mutane sun buɗe akwatuna sun ƙirga abin da ke ciki ba, zai kashe maƙudan kuɗi ya ƙaura da kurakuransa zuwa sabon gida.

Ana yawan kawo misalin kamfanin Jio na Indiya, wanda ya fara aiki a Satumban 2016, da Rakuten na Japan a Afrilun 2020, a ce ga waɗanda suka gina komai a dunƙule. Gaskiya ne, amma sun fara ne a fili fetal, babu tsofaffin na'urorin sadarwa da za su ɗauka a kai. Yawancin kamfanoni ba haka suke ba. Layin da ake kira Airtel a Najeriya a yau ya amsa sunan Econet, da Vmobile, da Celtel, da Zain, kafin Bharti na Indiya ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 a 2010 a kan dala biliyan 10.7, ciki har da Nijar da Chadi da Gana. A Nijar an haɗe Sonitel mai layukan ƙasa da SahelCom mai wayar hannu a 2016 aka sami Niger Telecoms. Duk inda aka yi irin wannan saye ko haɗewa, ana gadon littattafai da manhajoji da yarjejeniyoyi na masu gida daban-daban. Ga irin waɗannan kamfanoni hanyar da ta fi aminci ita ce ta sannu a hankali: a kafa ƙamus ɗaya da ƙofofin magana ɗaya, a lulluɓe tsofaffin manhajoji da su, sannan a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ana gwada lissafin tsohuwa da sabuwa kafin a kashe tsohuwar.

Duk da wahalar, zama a yadda ake ba zai yiwu ba, saboda layukan kansu sun canza. A Oktoban 2012 manyan kamfanonin sadarwa 13 suka fitar da takardar da ta buɗe ƙofar mayar da na'urorin sadarwa manhajoji masu gudana a kan kwamfutoci na gama-gari. Abin da a da sai an yi odarsa an jira watanni an ɗaura shi da sukurori, yanzu ana iya tayar da shi a cikin mintuna a kashe shi idan buƙata ta wuce. Ƙididdigar kayan da ake sabuntawa sau ɗaya a mako ba za ta iya bin wannan ba. Sai kuma 5G, wanda MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisinsa a Najeriya a Disamban 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Ɗaya daga cikin alƙawuransa shi ne a yanka wa wata masana'anta ko tashar jiragen ruwa wani yanki na layi nata na kanta, da tabbacin gudu da rashin jinkiri. A nan abin da ake sayarwa da yadda aka saita layi sun zama abu ɗaya. Farashi ya dogara da awon da na'ura ke yi kowane lokaci, diyya idan an gaza ta dogara da wannan awon. Ƙa'idojin 5G da ƙungiyar 3GPP ta fitar sun ma haɗe cajin kai tsaye da cajin bayan amfani a tsari guda. Kamfanin da gidajensa biyu ba sa magana zai iya mallakar 5G, amma abin da zai iya sayarwa da shi bai wuce data mai sauri ba.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin haɗewa kuskure ce babba, kuma ya kamata a faɗe shi da babbar murya domin zumuɗin dunƙule komai yakan rufe shi. Ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin Rogers na Kanada ya yi wani sauyin saiti a manyan na'urorinsa, layukansa suka durƙushe, mutane sama da miliyan 12 suka rasa sabis, biyan kuɗi da katin banki ya tsaya a faɗin ƙasar, wasu suka kasa kiran lambar agajin gaggawa. Binciken da hukumar sadarwar ƙasar ta sa aka yi ya nuna abubuwa biyu da suka tsananta lamarin. Wayar hannu da intanet na gida suna hawa kan cibiya ɗaya, da ta faɗi sai duka suka faɗi. Sannan hanyar da injiniyoyi ke bi su shiga na'urori don gyara ita ma tana kan layin da ya mutu, har wayoyin da za su kira juna na kamfanin ne. Sai da aka ɗauki sa'o'i da dama kafin a gano tushen matsalar. Daga baya kamfanin ya yi alƙawarin raba cibiyoyin biyu. Saboda haka a haɗe bayanai, a haɗe ma'anar kalmomi, a haɗe tafiyar aiki, amma hanyar gyara ta kasance tana da nata layi da nata wuta. Haka nan kada kuskure a manhajar talla ya sami ikon kashe kiran gaggawa. Idan na'urar caji ta tsaya, dole a riga an yanke shawarar abin da zai faru da kira, kuma shawarar ta fifita rai a kan kuɗi.

Haɗewa tana kuma tara iko a wuri ɗaya. Rumbun da ya san sunan mutum da lambar shaidarsa da hotonsa, idan aka jona shi da rumbun da ya san turken da wayarsa ta kwana a ƙarƙashinsa jiya, ya zama abin da ɓarawo da mai mugun nufi za su yi kwaɗayi. Damfarar sauya sim, inda ake karɓe lambar mutum a kwashe masa kuɗin banki, tana bi ne ta wannan ƙofa, domin danna maɓalli ɗaya a ɓangaren ciniki yana mayar da layi hannun wani a ɓangaren na'ura. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin wannan. A aikace abin da ake buƙata shi ne kowane ma'aikaci ya ga iya abin da aikinsa ke buƙata, kuma duk abin da ya taɓa ya bar sawu.

Mafi wuyar al'amarin ba ya cikin kwamfuta. Tun 1968 wani masanin manhaja mai suna Melvin Conway ya lura cewa tsarin da ƙungiya ke ƙerawa yakan ɗauki siffar yadda mutanenta ke magana da juna. A yawancin kamfanoni manhajojin ciniki suna ƙarƙashin shugaban sashen kwamfuta, na layuka kuma ƙarƙashin shugaban injiniyoyi, kowa da kasafinsa, da dillalansa, da ma'aunin da ake yaba masa da shi. Injiniya ana auna shi da yawan lokacin da layi ya yi a tsaye, saboda haka yana ƙin sauyi, kuma yana da hujja. Ɗan talla ana auna shi da sababbin hajoji, saboda haka yana son sauyi kullum. Jerin hajoji guda ɗaya yana nufin wani zai saki nasa, kuma a nan ne yawancin ayyukan haɗewa ke tsayawa. A yankinmu akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin ba duka kayan ne na kamfanin da ke sayar da layi ba. MTN Najeriya ya miƙa dubban turakunsa ga kamfanin IHS a 2014, wasu kamfanoni ma sun yi irin haka. Janareta da man da ke cikinsa da mai gadin turke suna littafin wani kamfani daban. Idan mai ya ƙare a wani turke, labarin sai ya tsallake katangar kamfani biyu kafin ya iso allon mai amsa kira. Ƙofofin magana na bai ɗaya a nan suka fi amfani, kuma sai an rubuta su cikin yarjejeniyar haya tun farko.

Ta yaya wanda ke waje zai gane ko kamfani ya haɗe gidajensa da gaske? Akwai gwaji mai sauƙi, shi ne diyya. A Birtaniya tun Afrilun 2019 manyan kamfanonin intanet na gida da tarho suka shiga tsarin da ke biyan mai saye diyya kai tsaye idan gyara ya yi jinkiri, ba sai ya yi ta bin sawun kuɗinsa ba. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta ba da umarni a 2025 cewa kamfanoni su sanar da jama'a idan an sami babbar katsewa, su kuma biya diyya, kamar ƙarin kwanakin data, idan katsewar ta wuce sa'o'i 24. Kafin kamfani ya cika wannan umarni bisa adalci, sai ya san turakun da suka mutu da tsawon lokacin da suka yi a mace, ya san layukan da suka saba zama a ƙarƙashinsu, ya san tsarin da kowane layi ya saya da kwanakin da suka rage masa, sannan ya ƙara masa kwanakin ba tare da ya kira kowa ba. Bayani na farko da na biyu suna gidan injiniyoyi, na uku da aikin ƙarshe suna gidan ciniki. Ya kamata hukuma, a lokacin da take bibiyar wannan umarni, ta riƙa neman adadin waɗanda aka biya da kansu ba tare da sun shigar da ƙorafi ba, ta gwada shi da adadin layukan da katsewar ta shafa, ta kuma wallafa lambobin biyu kamfani bayan kamfani.